Takalman Inna Kulu a ƙofar sarkin Sin

Mun yi nisa cikin tsohuwar fadar sarakunan Sin a Beijing, ina ta ɗaukar hoto bakina a buɗe, sai na ga Inna Kulu na tafiya ba takalmi.

Ita ce shugabar mata masu turara shinkafa a Gummi. Ƙungiyarmu ta zo ta ɗaya a wata gasa, aka saka mana da wannan tafiya, ni ce mai yi mata tafinta.

"Inna, ina takalmanki?"

"Suna bakin ƙofa, ɗiyata. Wa ka shiga gidan sarki da takalma?"

"Ai sarkin ya mutu tun kafin a haife ki."

"Ko ya mutu, gida nai na."

Matsalar ita ce, fadar nan ta ƙofar kudu ake shiga, ta arewa ake fita. Ba a komawa baya, motarmu kuma tana can arewa. Ga daɓen dutse mai sanyi kamar ƙanƙara, ga ƙafafunta masu ciwo, ga sauran tafiya mai tsawo.

Na cire nawa na ba ta. Ta ƙi, sai da na rantse laifin yana wuyana. Haka na ratsa zaurukan jajayen ginshiƙai da rufin ruwan zinare da safa kawai, ina murna ina rawar ɗari.

A gaban karagar sarki ta kalli ƙafafuna ta ce, "Yau dai boko ya yi ladabi."

Ku faɗa mini gaskiya, da iyayenku ne, ba za su cire takalman ba?