Inna Sumie Mai Awara, Mai Tsaron Sunan Rayayyu

Ƙarfe biyar na asuba Inna Sumie Kuwabara take kunna wuta. Waken suyan da ta jiƙa tun jiya za ta niƙa, ta tace, ta dafa, kafin jiragen masunta su dawo gaɓa awara ta kwanta fara fat a ruwan sanyi. Da azahar ta sayar, ta wanke tukwane. Iyakar abin da yawancinmu muka sani game da ita ke nan, shekara da shekaru.

Sauran yinin a bayan shago take yin sa, a durƙushe gaban gajeren tebur, da tabarau a karan hanci da wata tsohuwar kwamfuta. Kun san kundin sanin nan na intanet, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara. Ita shafukan mutanen da ke raye ta ɗauka, tana bin su ɗaya bayan ɗaya ta ga abin da aka ƙara. In an ce wane ya yi kaza, sai ta nemi inda aka samo maganar. In babu, ta cire. Shekara goma sha bakwai ba mai biyan ta, ko sunanta na gaskiya babu a jiki. Watan nan likita ya ce idanunta sun gaji, dole ta ajiye, shi ya sa na ga bai kamata mu yi shiru ba.

Masu yin aikin tare da ita sun ba ni labarai da yawa. Wata mawaƙiya da aka tona ciwon da take ɓoyewa, minti shida maganar ta yi a shafin kafin Inna ta cire. Wani tsohon ɗan kokawa da aka rubuta ya mutu, alhali yana lambunsa yana dasa albasa. Amma wanda ya sa har yau nake jin nauyinta, a gaban idonmu aka yi shi.

Teramoto shi ne tsohon shugaban majalisar garinmu. Shi ya sa hannu aka rushe tsohuwar kasuwa, inda mijin Sumie ya gaji shago tun daga kakansa. Mijin bai ƙara samun kansa ba, cikin shekara biyu ya rasu. Daga baya guguwar teku ta fasa katangar da ke tare ruwa, gidaje talatin suka nutse, har da na Norio, ƙanen Sumie. Nan take gari ya ɗauka cewa injiniyoyi sun yi gargaɗi, Teramoto ya ɓoye rahotonsu.

Wata safiya Norio ya faɗo shagon yana huci.

"Yaya, ke da kika san kan kwamfuta, taimake ni. Na rubuta abin da mutumin nan ya yi a shafinsa, har da lambar gidansa, wani ɗan banza yana goge mini. Sau uku ke nan!"

Ba ta ɗago daga yankan awara ba. "Ni ce 'yar banzar."

Ya tsaya baki buɗe. "Ke? Kin manta wanda ya kai mijinki ƙasa?"

"Kullum da shi nake tashi. Kawo mini takarda."

"Wace takarda? Duk gari ya sani!"

"Duk gari ya ji dai. Kuma gidan da ka rubuta lambarsa, matarsa na ciki a kwance ba ta iya tashi. Mai zuwa da dutse ba zai tsaya tambayar wa ke bayan taga ba."

Kafin yamma kowa ya ji. Aka ƙaurace wa shagon. Wata mai kifi takan wuce tana cewa, "Inna, ajiye wa Teramoto awarar, yana hanya." Ni ma ina cikin masu sauya hanya, kuma da kunya nake faɗa. Ta rage jiƙon wake, abin da ya yi saura ta kai gidan tsofaffi. Ta gaya mini daga baya cewa duk ranar da ta goge wani zagi daga shafin, sai ta shiga ɗaki ta zauna gaban hoton mijinta ta ba shi haƙuri.

Bayan wata takwas kwamitin bincike ya fitar da rahoto. Teramoto bai ɓoye komai ba, amma sau biyu yana ɗage gyaran katangar. Da hannunta ta rubuta hakan a shafinsa, layi ɗaya, da lambar shafin rahoton.

"Shi ke nan? Layi ɗaya?" in ji Norio.

"Iyakar abin da ya yi ke nan."

Da magoya bayan Teramoto suka zo share layin, ita suka tarar. Sau goma sha ɗaya suna cirewa tana mayarwa.

Teramoto kansa ya zo shagon wata rana, ya sunkuya har furfurarsa ta kusa taɓa teburin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ɗago, Malam," ta ce. "Ban yafe maka ba. Ƙarya ce kawai ba zan bari a ɗora maka ba."

Inna Sumie, ke ce kika riƙe mutuncin mutumin da kike da dalilin ƙi fiye da kowa, kuma ba ki rage masa ko kalma ɗaya daga laifinsa ba. Mu da muka juya miki baya, sai yanzu muke gane girman abin da muka gani. Mun gode. Mun gode a madadin ɗaruruwan da suka je neman aiki ko neman aure da sunansu fes, ba su san an taɓa jefa masa laka ba, balle su san wadda ta wanke.

Ku kuma masu karatu, duk sunan da kuke shirin rubuta wani abu a ƙarƙashinsa, mai shi gobe zai fita kasuwa, 'ya'yansa za su karanta. Aikin nan yana neman sababbin idanu. Ta ce duk Asabar da hantsi za ta zauna a ɗakin karatu na gari ta koya wa mai so. Na tambaye ta abin da za a zo da shi.

"Haƙuri," ta ce. "Fushi kuwa a cire shi a ƙofa tare da takalma."