Garin Kuka a Lagireto

Maigidana direba ne, amma ba na kan kwalta ba. Akori-kura ce da shi, tsohuwa, mai jan tayoyi huɗu, irin wadda ake shiga da ita har bakin gona. In kaka ta yi, shi ke bin ƙauyukan Mainika da Madadi yana kwaso buhunan masara da dawa da gyaɗa zuwa kasuwar Gwarzo, wani lokaci ya zarce da su Kabo. Duk wanda ya san hanyoyin nan ya san suna ne kawai: yashi, kwazazzabo, rafi babu gada. Masu motocin kwalta inda burji ya ƙare nan suke juyawa. Shi kuwa daga nan aikinsa ke farawa.

Bai taɓa ɗaukar yaron mota ba. Cewa yake yi su lalata maka giyar mota, su rantse ba su ba ne. Da 'ya'yanmu suka girma suka watse, sai na zama ni ce yaron motar. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, to gara in je ƙauye in zaɓi gyaɗata da hannuna da a kawo min ruɓaɓɓiya. Matan unguwa sun yi ta surutu, wai mace da jikoki ta ƙame a gaban mota kamar amarya. Na ce wadda abin ya dama ta sayi tata motar. Ni ke riƙe jarkar ruwa, ni ke sa dutse a bayan taya in mun tsaya a kan tudu. Hajiya yake ce min tun ban taɓa ganin filin jirgi ba. Ni kuma Malam nake ce masa, in raina ya ɓaci in ce Direba.

Wata damina kututture ya daki gaban motar, lagireto ya fara ɗiga. Lagireto shi ne tukunyar ruwan da ke gaban inji, shi ke hana shi zafi. Ɗigon ba wani mai yawa ba ne, sai dai ka ga ƙasa ta jiƙe inda ta kwana. Direbobin daji suna da maganin wannan, kowa da nasa. Wani dakakken barkono yake zubawa a ciki, wani garin taba. Su Malam kuka suka yarda da ita. Ina tsugune a madafi ya leƙo.

"Hajiya, ɗan ɗebo min kuka."

"Yau kai za ka kaɗa mana miyar?"

"Mota ce za ta sha."

"To in haɗa mata da daddawa da gishiri? Ka dai tsaya a kanta, kar ta yi maka yauƙi."

Ya yi dariya har yana riƙe ƙofa, ni ma na yi. Na cika masa ludayi daga tawa mai kyau, wadda na tankaɗe da kaina. Ya zuba, ya tayar da inji, kafin la'asar ɗigo ya ɗauke. Har yabo na sha, wai kukata ta fi walda. Daga nan duk sanda ɗigon ya dawo sai ya ƙara ludayi guda. Ruwa kuwa duk inda muka samu muke ɗiba, rafi ko kududdufi, da lakarsa da komai. Haka in man kuloci, wato abin da ake takawa kafin a sa giya, ya yi ƙasa muna tsakiyar daji, sai ya kaɗa ruwan sabulu ya cika ɗan kofin da man ke zama. Ba shi ya ƙirƙiro ba. Haka ya tarar ana yi, haka kowa ke yi.

Sai da aka ci kaka biyu ko uku sannan motar ta fara nuna mana halinta. Akwai wata allura a gaban sitiyari da ke nuna zafin inji. Lokacin ban shiga ajin manya ba tukuna, ban san haruffan da ke gefenta ba, amma na san ja in na gan shi. Da safe allurar tana kwance lafiya. Da zarar an yi lodi, rana ta ɗaga, mun shiga yashi, sai ta kama hawa. Mu tsaya ƙarƙashin ɗorawa, ya ɗaga bonet, tururi ya turnuƙe, mu zauna jiran ta huce kamar masu jinya.

Zafin mun iya da shi, haƙuri kawai yake so. Giya ce ta karya masa zuciya. In motar ta ɗau zafi, sai ya taka kuloci ya ji shi laɓo-laɓo kamar ya taka ruɓaɓɓiyar kabewa, ya tura giya ta ƙi shiga, sai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Mutumin da tun yana saurayi ake labarin hannunsa a tasha.

Ranar da ba na mantawa, muna dawowa daga wajen Madadi da lodin masara. Akwai wani rafi mai gangare, in ka tsallaka dole ka sauko ƙaramar giya kafin ka hau gaɓar. Ya taka, ya tura, ta ƙi. Ya sake takawa, ta ƙi. Motar ta tsaya a rabin tudu ta fara komawa baya a hankali. Na dire da dutsena ban ko samu sa shi ba, sai da bayanta ya zauna cikin ruwa. Mutanen ƙauye suka zo suka sauke buhuna, na ƙasa duk sun jiƙe, suka turo ta. Mai masarar dattijo ne mai kunya, bai yi faɗa ba. Ya dai dubi Malam ya ce, "Ba komai, girma ne ya zo mana duka." Da ya zage shi da ya fi sauƙi.

Muka kai ta gareji a Gwarzo, ba sau ɗaya ba. Bakaniken ya ciro wani ɗan ƙarfe daga bakin tiyo ya jefar, ya ce na ƙasar Turawa ne mai sanyi, mu nan tare ruwa kawai yake yi. Ya haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Ya sauya fambel, robar da ke juya fankar. Ya wanke lagireto ta waje har yana ƙyalli. Allura ba ta fasa hawa ba. Da muka koma kan maganar giya, da sassafe ne, inji da sanyinsa. Bakaniken ya shiga ya zagaya filin, yana sa giya da yatsa biyu, tana shiga kamar hannu a aljihu. Ya fito yana goge hannu.

"Baba, motar nan lafiyarta ƙalau. Ƙafar ce ba ta kai kuloci ƙasa."

Dama Malam na fama da gwiwar hagu, kowa ya ga yadda yake ɗingishi in ya sauko. Na ga ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce ba a isa ba.

"Kai ɗan nan, da safe ai kowa gwani ne. Loda mata buhu ka biyo mu Mainika da rana tsaka, sannan ka zo ka yi mana wa'azin ƙafa."

"Inna, in na bi ku daji wa zai tsare min gareji?"

"Aljanun da suka koya maka aikin."

Masu zaman banza a wurin suka fashe da dariya. Malam ya ce, "Hajiya, ya isa. Shiga mota." Na shiga, muka kama hanyar gida.

Maganar nan ta shige shi. Ya sayi man zafi, ya riƙa ɗaure gwiwar da tsumma. Ya sassaƙa wani guntun katako ya ɗaure a kan kuloci da waya, wai don ƙafar ta kai. Da safe ya ce min, kin gani, ta yi. Da rana giya ta ƙi, sai ya daki cinyarsa da hannu. Ban taɓa ganin ya daki motar ba. Manoma suka fara cewa a bari, sun riga sun yi magana da mai amalanken shanu. Babu wanda ya faɗa masa dalili, shi ma bai tambaya ba.

Da ya ce zai sayar, na tayar da ƙura. Na ce motar ce ba ta da lafiya, ba shi ba. Ya ce to mece ce cutar? Ni dai ban san ta ba. Jikina ne kawai ya ba ni.

"Direba, ka kai ta wani wuri. Gareji ɗaya ne a duniya?"

"Mota ba ta ƙarya, Hajiya. A hannun wani ta yi, a hannuna ta ƙi. Ranar da ta kuɓuce min a gangare ta bi ta kan ɗan wani, ke za ki amsa a gaban Allah?"

Wani magidanci daga Masanawa ya zo ya duba, suka yi ciniki a ƙofar gida a gaban shaidu, Malam ya ce ya sallama. Ina daga zaure ina ji. Da aka tayar da ita ban fito ba.

Daga nan ya koma zaman tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida. Mutumin da asuba ba ta taɓa same shi a kwance ba, sai ga shi yana gyangyaɗi da hantsi. Na ce ya zo ya taya ni harkar gyaɗa, ya ce bai iya komai ba sai sitiyari, shi ma ya ƙare.

Gaban gidanmu akwai ɗan tudu a hanyar kasuwa. Wata ranar kasuwa bayan azahar, rana kamar ta fasa kai, na kawo masa ruwa sai na ga ya miƙe zaune ya karkata kunne. Ni ban ji komai ba tukuna.

"Ita ce," ya ce. "Da lodi kuma."

Ta ɓullo, buhuna har sun wuce kan direba. Ta kama tudun. Muka ji an sauko da giya, ta shiga sumul, ba ƙara ba gardama. Mutumin Masanawa ya hango mu ya tsaya, ya sauko ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya da kasuwa da mutanen Kabo. Sannan Malam ya ce, "Yaya zafin?"

"Ai, Baba, zafi ya tafi. Wani mai walda a Kabo na kai wa lagireton, ya fasa kansa gaba ɗaya. Wallahi da ka ga cikin! Duk ƙananan hanyoyin ruwan sun toshe da wani abu kore-kore, baƙi-baƙi, ya daskare kamar ƙanzo. Da tsinken ƙarfe aka yi ta zungura. Mai waldar har cewa ya yi a kawo tuwo."

Yana dariya, bai san inda maganar ke sauka ba. Ni kuwa sai na tuno ludayin kukata.

"Giya fa?" in ji Malam. "Da rana?"

"Ai ciwon ɗaya ne, Baba. Bututun kuloci ta jikin inji ya bi. In inji ya yi zafi sai man ya tafasa, dama rabinsa ruwa ne, ka taka ka ji iska. An zubar, an sa sabo, an sauya 'yar roba. Shi ke nan." Ya laluba ƙarƙashin kujera ya fito da guntun katakon nan. "Wannan ma na cire, ban ga amfaninsa ba. Baba, hau ka taɓa ta mana ka ji."

Na zaci zai ƙi. Ya tashi, ya karɓi makulli, ya hau da ƙafar nan tasa ta hagu, ba tsumma ba katako. Ya gangara da lodin har ƙasa, ya juyo, ya kamo tudun. Ina tsaye ina jin kowace giya tana shiga, ɗaya bayan ɗaya, yadda na saba ji shekara da shekaru ina gefensa. Ya tsaya daidai inda ya ɗauke ta. Ya daɗe bai kashe inji ba. Sannan ya sauko ya miƙa makulli da hannu biyu ya ce, "Allah ya sa ka ci albarkacinta."

Mutumin na tafiya na tare Malam.

"Malam, bi shi. Mutumin kirki ne, in ka roƙe shi zai mayar maka."

"Na ce na sallama a gaban mutane."

"A kan ƙarya ka sallama! Ƙafarka lafiya lau!"

"Shi ya yi min ƙaryar? Ya sayi mara lafiya ya yi jinyarta, yanzu ta warke in ce ya kawo? Ba ni ba." Ya juya katakon a hannunsa, ya ɗan yi murmushi. "Kin ce za ta yi yauƙi fa, Hajiya."

"Wasa nake yi."

"Ni ma wasa na ɗauka."

Na yi ta yi masa naci ya nemi wata, ko ya karɓi tuƙi a hannun wani. Ya ce sai bayan damina. Bayan damina ya ce sai bayan kaka. Zaman tabarma kuwa ya yi wa gwiwar abin da kuloci bai taɓa yi mata ba, ta sandare da gaske, har masallaci sai da sanda. Bai sake riƙe sitiyari ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ba na zagin bakaniken, abin da ya gani da safe shi ya faɗa. Ba na zagin direbobin da suka koya masa zuba kuka, su ma haka suka gada. Abin da ke ci na shi ne maganar gaskiya ta fito daga bakina a madafi, mu biyu muka ji ta, muka yi mata dariya. Ni da na san yadda kuka ke kama gindin tukunya in ta sha wuta, sai an jiƙa an kankare. Da ɗayanmu ya tuna da ita ranar da ake ce masa ƙafarsa ce, da ya mutu yana direba.

Katakon yana nan, da shi nake tokare ƙofar madafi. Motar ma tana nan, an sake mata fenti. Ranar kasuwa in ta kamo tudun nan, ko me nake yi sai hannuna ya tsaya, har in ji giyar ta shiga.