Gilashi ko Leda

A bakin kasuwa akwai wani mai yankan gilashi, siririn dattijo, yatsunsa duk tabo. Tun da maƙwabciyar ƙasa ta afka wa ƙasarsu da yaƙi, aikinsa mayar da tagogin da bama-bamai suka farfasa. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya ɗauki abin yanka, ya ajiye, ya murɗa rediyo, yana jiran ya ji ko ƙasashen waje za su turo makaman kakkaɓo jirage da suka yi alkawari.

Wata mata tana tsaye da zare mai ƙulle-ƙulle, awon tagar ɗakin 'ya'yanta.

"Baba, yanka mini mana, sanyi ya hana yaran barci."

"Dakata, 'yata. Sun ce suna tare da mu."

"To, sai me?"

"Haka suka ce bara. Da hannuna na tsince gilashi daga shimfiɗar jikana."

Rediyon yana cewa an sake ɗage zaman da ƙasashen wajen za su yi kan batun makaman. Dattijon yana shafa gilashin, wataƙila da shi ya raini gidansa kaf. Sai ya jawo leda mai kauri, yana aunawa da zarenta.

"Kada ki kwance ƙullin nan," in ji shi. "Ranar da suka cika magana, ki dawo da shi."