Hajja Fatna da Haihuwa ta Biyu

A unguwarsu a Omdurman, in ka ce Hajja Fatna sai a tambaye ka, "Daya?" Haka mutanen Sudan ke kiran ungozoma, kuma sunan ya manne mata shekara arba'in har ya kusa cinye na yanka. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya bakin kogin Nilu don ya ɗan huta. Hutun nan jikokinsa ke yi har yau.

Gajeriya ce, ga faɗa, kuma ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Rabin unguwar ta hannunta suka shigo duniya, shi ya sa ba ta ganin girman kowa. In ɗan sanda ya ɗaure mata fuska sai ta ce, "Kai da ka zo da ƙafa, ka wahalar da uwarka kwana biyu?" Taƙamarta ɗaya ce: ana mayar wa tela ɗinki, ana rushe wa magini katanga, ita kuwa ba a taɓa dawo mata da aiki ba.

Ita kanta Allah bai ba ta haihuwa ba. Sai ya ba ta Rawan, 'yar maƙwabtanta Kiristoci mutanen duwatsun Nuba, waɗanda katanga ɗaya ta raba su. Ita ta karɓi haihuwarta, ita ta yanke cibi. Uwar ta kwanta jinya wata shida, yarinya ta tashi a bayan Hajja Fatna, ta sha Hausa har da karin magana. Iya take ce mata. Ran Lahadi ma Hajja ce ke buga katanga da muciya tana cewa a tashi yarinyar nan kar ta makara kanisa, wato coci.

Wata safiya suna shan kofi, Rawan tana da shekara ashirin da uku, ta ce, "Iya, Lahadin nan ki zo kanisa. Za a sake haihuwata."

Hajja ta ajiye finjali. "Ta farkon me ta yi?"

"Ba abin da ta yi, Iya. Wannan ta ruhu ce. A ruwa ake yi."

"Wa zai karɓa?"

"Fasto Munir."

"Namiji?"

"Namiji."

Hajja ta yi dariya har da buga cinya, ta ce duniya ta zo ƙarshe. Amma da yarinyar ta fita, dariyar ta bi ta. Gaskiyar magana tsoro ne ya kama ta. Ba jini tsakaninta da Rawan, ba addini ɗaya, haihuwar nan kaɗai ce igiyar. In aka soke ta aka yi sabuwa, ita kuma ta zama wace ce? Tsohuwar maƙwabciya mai surutu, shi ke nan.

Ran Alhamis ta yafa tob ɗinta na unguwa, wato dogon mayafin matan Sudan, ta tari raksha, keke mai ƙafa uku. Ta iske faston a harabar cocin yana ba shuka ruwa, wani siririn mutum mai tabarau. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce masa da Larabci, "Haihuwa nawa ka taɓa karɓa?"

"Ko ɗaya, Hajja. 'Ya'yana ma a waje na jira."

"To ga shi nan."

Bai ji haushi ba. Ya kawo mata kujera, ya ce a imaninsu mutum na buƙatar sabon rai daga Allah, ya bar tsohon halinsa kamar yau aka haife shi. Ya ce tun farkon addininsu aka yi gardama: Yahudawa suna ganin su jikokin Ibrahim ne, al'ummai kuwa baƙi ne. Sai aka ce wannan haihuwar ba ta duba asali. Mai tarihin kakanni da marar shi, ƙofa ɗaya za su bi.

"Su wane ne al'ummai?"

"Duk wanda ba Bayahude ba."

"Ashe har da ni." Ta gyara zama. Ita da aka haifa a Omdurman, aka haifi ubanta a Omdurman, amma in ta je neman takarda sai an tambaye ta daga ina kakanta ya zo. Ta ce, "Wannan kam na riga ka sani. Na karɓi Ja'ali, na karɓi Dinka, na karɓi Bahaushe. Ban ga wanda ya fito da takarda a hannu ba. Amma ni da addinina, ba wa'azi na zo ji ba. Ta farkon nake tambaya. Ta tashi ke nan?"

"Hajja, wanda ba a haifa ba ai ba a sake haihuwarsa."

Maganar ta yi daɗi, sai dai maganar malamai ce. Ba daga bakinsa take son ji ba, kuma girman kai bai bar ta ta tambayi Rawan ba.

Ran Lahadi ta ce ba za ta ba, ta ce ƙafarta na ciwo, sannan ta riga kowa isa. Ta ƙi zama. Ta tsaya bakin ƙofar harabar da carbinta, tana hararar kwatamin siminti da aka cika da ruwa. Mata na waƙa da tafi. Rawan ta shiga cikin farar riga, faston ya yi addu'a, ya nutsar da ita, ya ɗago ta. Hajja ta ce a ranta ko kan bai iya tallafewa ba.

Rawan ta fito ruwa na zuba daga kitsonta. Matan cocin suka taso da tawul, uwarta a gaba. Ta riƙe hannun uwar ta yi mata raɗa, uwar ta yi murmushi ta matsa. Sai yarinyar ta ratsa taron, tana barin sawun ruwa a ƙasa, har bakin ƙofa. Ta tsaya tana rawar sanyi, ta ce da Hausa, wadda ba mai ji a wurin sai su biyu:

"Iya, kin tsaya kallo? Jariri na naɗe kansa ne?"

Hajja Fatna ta matso. Ta warware rabin tob ɗinta, ta lulluɓe ta, ta jawo kan Rawan ta ɗora a ƙirji, ko da yake sai da yarinyar ta sunkuya sosai. Hawaye na zuba, tana goge mata kunne da gefen zanen.

"Mutumin nan bai iya aiki ba," ta ce. "Wa ke barin ɗanyen jariri a iska? Zo nan, 'yata."