Madubin Daren Da Na Zaɓo Da Hannuna

Kafin a san ni da sata, ni ɗan acaɓa ne a Keffi. Boko kuwa a aji biyu na sakandare na ajiye shi. Da mashin ɗina ya mutu sai na zauna ba aiki, mata da 'ya'ya suna kallona. Baba Yohanna ne ya tsince ni. Tsohon hedimasta ne, shi ke shugabantar wani layi na ma'aikata a bakin hanyar Abuja. Ya kai ni gaban masu gidaje ya ce a ba ni gadi. Wasu suka ce ba su san ni ba. Ya ce, "Ni na san shi. Ko tsintsiya ta ɓata, ni za ku tambaya."

Layin akwai duhu, wuta sai an ga dama, tocila kuma tana nuna wa ɓarawo inda mai gadi yake. Sai aka yanke shawarar a sayo abin hangen nan mai ido ɗaya da ake gani da shi cikin duhu. Mu madubin dare muke ce masa. Baba ya ce ni zan zaɓo, tunda ni zan riƙe.

Mai shago ya fito mini da guda biyu cikin masu araha. Ya ce ƙaramin yana gani daga ƙofa zuwa ƙarshen layi, batirinsa yana kai asuba, ya ishi gadi. Ɗayan yana jawo abu kusa, kuma fitilarsa ta fi ƙarfi, irin fitilar da idon mutum ba ya gani. Na ɗauki na biyun. Ba da wata niyya ba. Na ji ya fi nauyi a hannu ne kawai.

Da farko bushiya da karnuka nake gani, komai fari da baƙi kamar tsohuwar talabijin. Daga baya na fara juya shi cikin gidaje. Mutanen layin tun kafin sallar asuba suke fita neman motar Abuja. Na ga wadda take sa makulli ƙarƙashin tukunyar fure. Na ga wanda kwaɗonsa ba ya kamawa, ratayewa kawai yake yi. Ban nemi sanin waɗannan ba, amma na sani, kuma ba wanda ya san na sani.

Jarkar fetur na fara ɗauka. Ban ji komai ba. Sai batirin sola, sai janareto. Wani abokina Ɗanladi, bakanike a Sabon Gari, shi ke kwashewa ya sayar. Duk safiyar da aka yi kuka, Baba sai ya ce a yi mini haƙuri, mutum ɗaya ba zai tsare layi guda ba. Har shayi yake aiko mini.

Wani sabon ɗan haya ya sa kyamara a saman ƙofarsa. Na gan ta, ban damu ba, na ce ai cikin duhu nake. Ashe fitilar nan da ido ba ya gani, kyamara tana ganinta kamar fitilar tirela. A ofishin 'yan sanda aka nuna mini: ga haske yana bin katanga, ya tsaya, ya haura. A layin nan kaf mutum ɗaya ke da irin abin.

Aka kira Baba. Ya kalli hoton a waya har ƙarshe, sannan ya ɗago.

"Ɗana, kai ne?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "To." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ɗanladi ya gudu. Ni aka kai gidan yari. Matata ta kwashi yara ta koma gidansu. Zaman can ba abin ba da labari, gari ya waye, rana ta faɗi. A can na ji cewa mutanen layi sun daina gai da Baba, ya ajiye shugabanci, ko ƙofar gida ya daina zama. Na riƙa shirya abin da zan ce masa in na fito.

Ranar da aka sake ni, gidansa na fara zuwa. Ɗansa Bitrus ya buɗe. Ya dube ni ya ce tun bara aka kai Baba ƙauye aka binne. Na ce gafara na zo nema.

Ya ce, "Wurin wa?"

Bai zage ni ba. A hankali ma ya rufe ƙofar.

Yanzu baro nake turawa a kasuwa. Na tuba ga Allah, ina sallah, ban ƙara taɓa kayan kowa ba. Ba zan yi muku ƙaryar cewa na sami sauƙi ba.

Ku samari, musamman masu gadi da 'yan sintiri, ku ji. Madubin ba shi da laifi, in layi yana bukata a saya, amma kada a bar shi hannun mutum ɗaya kullum. In an ba ka, ka kalli titi, ranar da ka ji kana son leƙa gidan wani, ka mayar da shi a ranar. Kuma in akwai wanda ya taɓa tsaya maka ka ci amanarsa, ka tashi ka je yau, tun yana iya buɗe maka ƙofa da kansa.