Rabin Ƙwayar Mai Aski

Aminina Mai Aski, ko allura zai saya sai ya yi ciniki, amma ban da maganin hawan jininsa. Mai tsadar nan da ya saba sha, shi kaɗai ya yarda da shi.

Mai kemis ta ce masa, "Baba, ga mai sauƙin kuɗi. Aikinsu ɗaya, kamfani ne kawai daban."

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, araha ba ta ado."

Da kasuwa ta ja baya, sai ya koma raba ƙwaya biyu da reza, yana shan rabi. Wata safiya ya faɗi a shago yana cikin aski, bai ƙara tashi ba. Matarsa ta tarar da rabin gobe a aljihunsa, ya naɗe shi a takarda. Allah ya jiƙan bawan Allahn nan.