Buhunan da Suka Ragu a Hanyar Hamdara

Damagaram

Tun kafin asalatu muka bar Damagaram, ni da Malam Isufu direba, a tsohuwar kamyonsa ta ɗaukar kaya. Fari ya shekara biyu a jere. Majami'armu ta tara hatsi don wani ƙauye a ƙasar Hamdara, inda na taɓa aikin ungozoma. Kowane gida ya kawo ɗan abin da ya samu, gero, dawa, wake, har da gyaɗa. Muka zuba su a haɗe cikin buhuna, na ɗinke bakinsu da hannuna, kowanne cike tam.

Mirriya

A shingen Mirriya jandarma ya bubbuga buhu ɗaya, ya tambayi inda za a kai. Da ya ji, sai ya ɗaga mana hannu. Muka sha shayi babu sukari. Gaba kaɗan muka sauka daga kwalta, hanya ta dinga jijjiga mu har ƙuguna ya ƙage.

Hamdara

Da hantsi muka isa ƙauyen. Da aka sauke kaya, sai ga wuyan kowane buhu ya langaɓe kamar an ɗiba. Maza suka fara kallon Malam Isufu ta wutsiyar ido, shi kuwa ya koma jikin motarsa.

Na nuna wa Maigari ɗinkina, ba a taɓa shi ba, na ce kuma ban rabu da motar ba ko sau ɗaya. Na farke bakin buhu guda: wake da gyaɗa zalla. Na huda gindinsa, gero ya zubo. Girgizar hanya ce ta sa ƙananan ƙwayoyi suka zurara ƙasa suka matse, manya suka taso sama, buhu ya zauna.

Mata sun riga sun yi layi, tsofaffi can baya.

"Ranka ya daɗe," na ce, "in aka auna a haka, na gaba ba za su sami na tuwo ba, na baya ba za su ga wake ba."

Ya sa aka shimfiɗa tabarmi, aka juye komai, muka cakuɗa da hannu. Sannan ya ɗauki tiya, ya ratsa mazan nan, ya miƙa wa direba.

"Malam Isufu, kai za ka auna mana."

Ya auna har tsohuwar ƙarshe.

Gida

Da magariba muka shigo Damagaram, mota fayau. Na gode wa Allah, na gode wa duk gidan da ya rage tuwonsa na ranar nan.